Taurari a Kan Teburin Girki

Ni ke hawo da ruwa kan wannan dutse,
tanka guda, Talata da Asabar,
a hamadar Atakama, inda sama
kan shekara ba ta tofa ko yawu ba.
Can ƙololuwa manyan madubai ke kwana ido buɗe,
masana na kiwon taurari har asuba.
Ni dai nawa tiyo ne da famfo,
sai shayin Eulogia Ayavire in na sauke kaya.

Shekara ashirin da biyu tana yi musu girki.
Ta ce mai kwashe kwanuka ma kunne gare ta.

Ran nan na iske jikanta Baltasar
ya haɗa kai da gwiwa a gindin murhu,
wai 'yan ajinsu sun laƙaba masa Guntu.
Ba ta rarrashe shi ba.
Ta share teburi da gefen hannu,
ta tsinto ƙwayar kinuwa, ƙanwar acca,
ta ce: Ga rana.
Ita da ta gasa wa kakanka ƙeya,
ta tsattsage masa leɓe a filin gishiri,
ga ta nan. Kar ka yi atishawa.

Ta ajiye masoro kusa da ita:
Ga farin nan da ya fi kowa ƙyalli da dare.
Ko ninki biyu na faɗinta bai kai ba,
kusanci ne ke sa shi fankama.
Ta kawo dafaffen ƙwai, ta ce wani ne mai ruwan lemo.
Ta kawo albasa, cike da tafin hannu:
Ga jan da ke bin kaza da 'ya'yanta,
kullum yana bi, bai taɓa kama tsako ba.

Yaro ya ɗago. Na zuciyar kunama fa?

Ta dubi kabewa.
Ta dubi tukunyar da ke ciyar da mutum arba'in.
Ta girgiza kai, ta ɗauki muciya, muka bi ta waje.
A kan tsakuwa ta ja da'ira,
ta ce masa: Kwanta.
Ya miƙe iya miƙewarsa,
kai bai taɓa layi ba, ƙafa ba ta taɓa ba.
Ta ce: Shi ke nan a gaban ƙwayar can,
kuma shi ma akwai mai sa shi a aljihu.
Gaba da gabanta.

Amma kumburi ne, ɗana, ba ƙiba ba.
Yana cin itacensa kamar murhun biki,
bai san a rage na gobe ba.
Irinsu ba sa daɗewa.

Sai ta lashi yatsa,
ta dangwalo ƙwayar gishiri guda daga aljihun riga.
Sai da na sa tabarau.
Ga maƙwabcin rana na kurkusa, in ji ta,
ja ne, ɗan mitsitsi, ido ba ya ganinsa.
Wutarsa ta garwashin tsohuwa ce, a hankali.
Ran da albasa ta zama toka,
ran da kinuwa ta huce,
shi ko hamma bai fara ba.
Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Baltasar ya ce: To a sa shi kan teburi mana.
Ta ce: A'a, gidansa ba nan ba ne.
Ta juyo gare ni: Don Hilarión,
rijiyarka kilomita nawa daga nan?
Na ce: Sittin, ba kaɗan.
Ta shafa mini gishirin a bayan hannu.
Kai shi can. Nan ne mazauninsa.

Na gangara da hannu ɗaya a sitiyari,
ɗayan a sama kamar mai sabon ƙunshi.
Sa'a biyu ina tuƙi tsakanin maƙwabta biyu,
ban gamu da ko kare ba.
A bakin rijiya na hure shi,
na waiwayi dutsen, ya zama tabo a gefen dare.

Da na koma ran Asabar,
da'irar na nan, an kewaye ta da duwatsu.
Eulogia ta ce yaron ya cinye ƙwan,
albasa ta shiga miya,
amma rana tana cikin kwalin ashana
ƙarƙashin matashinsa.